Me Ake Kallo a Wasan Dresaj?

Wani matashi daga Zariya, wanda ya ce tun yana ɗan shekara tara yake hawa, ya aiko da tambaya. Ya kalli gasar dresaj ta Olamfik ɗin Faris a wayarsa. Ya ga doki yana zagaya fili, ba gudu ba tsalle, mahayiyar zaune kamar an dasa ta, sai ga alƙalai sun ba ta sama da kashi 90 cikin ɗari, jama'a na ta tafi. Mai sharhi kuma sai ambaton piaffe da passage da half-pass yake yi. Yana so ya san me ake kallo a nan, kuma me waɗannan kalmomi suke nufi.

Ƙanena, abin da ya same ka ni ma ya same ni. A barga na taso, kuma idona a kan jahi ya buɗe: a saki doki ya ƙure gudu, a ja shi ya yi zamiya a gaban sarki, ƙura ta turnuƙe, a ɗaga mashi. Idon da ya saba da wannan, in ka kai shi filin dresaj, neman abin da babu shi zai yi ta yi, ya rasa ganin abin da ke gabansa. Sai da karatu ya kai ni Jamus, na yi 'yan shekaru ina hawa a wata barga a can, sannan na gane inda ake ajiye ido.

Kalmar dresaj ta Faransanci ce, daga dresser, wato horarwa. Gasar kenan: nuna horo. Kuma horon kan abu guda yake. Doki, yadda Allah ya halicce shi, ƙafafun gaba ne suka fi ɗaukar nauyinsa, kusan kashi 60 cikin ɗari, saboda kai da wuya suna can gaba. Ka ɗora masa sirdi, ka hau, ka ƙara wa gaban kaya. Aikin mai horon dresaj shi ne, a hankali, shekara bayan shekara, ya koya wa dokin ya shigo da ƙafafun baya ƙarƙashin cikinsa, ya lanƙwasa gaɓoɓinsu, ya karɓi nauyin a kansu, gaba ya yi sauƙi. Dokin da ya kai nan yana juyawa a wuri kaɗan, yana tsayawa ba tare da ya faɗa kan linzami ba, yana tashi ba tare da an zabure shi ba. Duk kalmomin da ka ji mai sharhi yana faɗa sunaye ne na matakan wannan aiki ɗaya. Shi ya sa shawarata ta farko ita ce ka ɗauke idonka daga kan mahayi da ƙafafun gaba, ka mayar da shi kan kuturin doki da ƙafafunsa na baya.

Asalin abin na mayaƙa ne, kamar dai yadda hawanmu yake. Zenofon, wani barden Girka, ya yi rubutu a kan horon doki tun kimanin shekara 2,400 da suka wuce, kuma tun a lokacin yake nuna cewa abin da aka tilasta wa doki ba ya yin kyau. Da aka shigar da wasan Olamfik a Istokholm a 1912, hafsoshin soja kaɗai ke shiga. Sai a 1952, a Helsinki, aka buɗe wa mata ƙofa, kuma a wannan shekarar wata 'yar Denmak, Lis Hartel, ta ci lambar azurfa a kan goɗiyarta Jubilee. Shan inna ya kashe mata ƙafafu daga gwiwa zuwa ƙasa, ɗora ta ake yi a kan sirdi, a sauko da ita. Ta sake cin azurfa a 1956. Duk lokacin da wani ya ce mini mahayin dresaj ƙarfi yake sa wa doki a ɓoye, ita nake tuna masa.

Kafin ido, fara da kunne. Rana ta farko da malamata, wata dattijuwa mai ƙarancin magana, ta karɓe ni, ba ta bar ni na hau ba. Ta tsayar da ni a bakin wata hanya mai daɓe, ta ce in rufe ido, aka riƙa wucewa da dawaki, ni kuma in faɗi irin tafiyar. Tafiya zalla taku huɗu ce, kowace ƙafa da nata sautin, tazara daidai. Sassarfa taku biyu ce: ƙafar gaba ta dama da ta baya ta hagu suna sauka tare, sannan ɗaya ɓangaren, kuma a tsakani akwai ɗan lokacin da duka huɗun ke sama. Ƙaramar sukuwa, wadda ba ta kai ƙure gudu ba, taku uku ce, sai ɗan shiru, sai ta sake. Waɗannan ukun ne kaɗai ake amfani da su a gasa. Da zarar takun ya gurɓace, maki ya zube, komai kyan dokin. Misali, dokin da ke ɗaga ƙafafun ɓangare guda tare, irin tafiyar raƙumi, yana da daɗin zama a doguwar hanya, amma a wurin alƙalin dresaj babban aibi ne, domin yawanci alama ce ta ɗaurewar gadon baya.

Kowace cikin ukun ana nuna ta a tattare, a matsakaici, ko a miƙe. In ka ji an ce collected, tattararriya ake nufi: taku gajere mai tashi sama, nauyi a baya. In ka ji extended, miƙaƙƙiya ce: taku ya kai iyakar tsawonsa. Abin lura shi ne saurin kiɗan ba ya canzawa, tsawon takun ne ke canzawa. Dokin da aka ce ya miƙe sai ya hau gaggawa, ya faɗi jarrabawar. Akwai wata hanyar dubawa da ko a waya za ka iya, in kyamara ta matso: dubi sawun da kofaton gaba ya bari a rairayi, ka ga inda kofaton baya ya sauka. A miƙaƙƙiyar tafiya ya kamata ya wuce sawun sosai. A miƙaƙƙiyar sassarfa kuma, a nan ne sabon mai kallo ya fi ruɗuwa, domin akwai dawakin da ke wurga ƙafafun gaba sama kamar za su taɓa haɓarsu, filin ya ɗauki sowa, alhali na baya suna jan ƙasa a can nesa. Wannan ado ne kawai. Na ƙwarai shi ne wanda ƙafar baya ke tafiya gwargwadon ta gaba, jikin duka ya ƙara tsawo, har wuya.

Jamusawa sun tsara horon hawa shida, kuma alƙalan duniya da wannan ma'aunin suke kallo. Na farko daidaiton taku, shi na gama faɗa. Na biyu suna ce masa Losgelassenheit, sakin jiki: baya yana lilo, wutsiya tana kaɗawa a hankali bisa ga takun, numfashi a kwance. Na uku Anlehnung, alaƙar hannun mahayi da bakin doki. Daga nan sai ƙarfin turowa daga baya, sai miƙewar jiki yadda ƙafafun baya za su bi sawun na gaba, sai na ƙarshe, tattaruwa. Ba a tsallake mataki. Wanda ya nemi tattaruwa a kan dokin da bai saki jiki ba, matsewa zai samu.

Na ukun nan zan daɗe a kai, don shi ne ya fi bambanta da abin da muka gada. Linzaminmu na gargajiya, mai zoben nan da ke zagaye haɓa, yana da kaifin hukunci. Saboda haka gwanin mahayi a wurinmu kamazurunsa a sake yake, sai ya so juyawa ko tsayawa ya taɓa, dokin ya amsa nan take. Wannan tsari ne mai ma'ana ga mai riƙe da mashi a hannu ɗaya. A dresaj kuwa kamazurun ba ya saki, ba ya kuma ɗaurewa. Akwai ɗan nauyi a hannu kullum, kuma dokin ne ke neman wannan alaƙar, yana miƙa wuya zuwa ga linzami don ya amince da hannun. Ni da na je da hannun gida, ko dai in saki gaba ɗaya ko in ja. Wata goɗiya ja da aka ba ni, duk lokacin da na taɓa bakinta sai ta naɗe kai zuwa ƙirji ta ɓuya. Malamata ta zo ta kama ƙarshen kamazurun ta wajen linzami, ta ce in riƙe nawa ɓangaren, ita ce dokin. Ta riƙa kai hannunta gaba da baya yadda kan doki ke yi a tafiya, ta ce in bi ta kada igiyar ta yi sako-sako, kada kuma ta ji na ja. Mun fi rabin sa'a a tsaye a haka. A nan na gane aikin na gwiwar hannu ne da kafaɗa. Bayan kamar wata biyu, wata safiya, goɗiyar ta sauke wuya, ta tauna linzamin a hankali, na ji nauyinta ya zo hannuna kamar yaro ya kama yatsana. Har yau ina jin wannan a tafin hannuna.

Wannan yanayin shi ne ake kira on the bit. Daga waje ga yadda za ka gane shi. Ƙeyar doki, bayan kunnuwa, ita ce mafi tsayi a wuyan. In ka ja layi daga goshinsa zuwa ƙasa, hancin yana kan layin ko ya ɗan wuce shi gaba. Baki a rufe, da 'yar kumfa a leɓe. In hanci ya koma bayan layin, za ka ji mai sharhi ya ce behind the vertical, kuma aibi ne. Haka buɗe baki, fitar da harshe, cizon haƙora, ko kaɗa wutsiya da ƙarfi kamar mai korar ƙuda: duk ƙorafi ne dokin yake yi, kuma alƙali yana ji.

Ka ce mahayiyar kamar an dasa ta. Aiki take yi, ƙanena, kowane taku. Tana magana da dokin ta nauyin zamanta, da ƙwaurinta, da yatsunta. Akwai wani abu da ake kira half-halt, rabin tsayawa: cikin ƙiftawar ido mahayi ya ƙarfafa ƙugu, ya matsa ƙafa, ya rufe yatsu, ya sake. Ma'anarsa ga doki ita ce, koma kan ƙafafun baya, wani abu na tafe. Ana yin sa sau da yawa ƙwarai a gwaji ɗaya, kuma in an yi shi daidai ba za ka gani ba, sai dai ka ga doki ya ɗan ƙara tsayi ta gaba. Magana da baki ko ƙyasta harshe ma an hana, ana rage maki a kai.

Filin kansa mita 60 ne a tsawo, 20 a faɗi, da haruffa a gefe. Ta A ake shiga, C tana can ɗaya ƙarshen inda babban alƙali yake, X ita ce tsakiya, inda ake tsayawa a yi gaisuwa. Kowane motsi da harafin da zai fara da wanda zai ƙare, kuma mahayi haddace tsarin yake yi. A Olamfik alƙalai bakwai ne kewaye da filin, domin na gefe yana ganin tsawon taku, na gaba yana ganin ko doki ya karkace. Kowane motsi ana ba shi maki daga 0 zuwa 10. Shida na nufin ya gamsar, bakwai ba laifi, takwas da kyau, goma ba abin cewa. Wasu motsin ana ninka makinsu biyu, daga ciki har da tafiya zalla, wadda mai kallo ke ɗauka hutu ce. Sai a tara a mayar kashi cikin ɗari. Wanda ya samu 70 a babban mataki, wato Grand Prix, ya yi abin kirki. Wanda ya haura 80 yana cikin 'yan ƙalilan a duniya. Kuma ba a shigar da doki wannan matakin sai ya cika shekara takwas, yawancinsu ma sai sun haura goma suke nuna.

Yanzu motsin da ka tambaya. Half-pass tafiya ce gaba da gefe lokaci guda, doki yana ratsa filin a karkace, ƙafafunsa na waje suna gitta na ciki, jikinsa a lanƙwashe yana kallon inda ya nufa. Lanƙwasar ita ce wahalar, domin doki ya fi son ya kalli wani wuri ya gudu daga ƙafar mahayi. Duba kafaɗa ta ɗan riga kuturi, kuma takun bai canza ba. Uwarta ita ce shoulder-in, wadda wani malamin hawa Bafaranshe, La Guérinière, ya bayyana a ƙarni na 18: doki na bin gefen fili, a shigo da kafaɗunsa ciki kaɗan, kamar digiri 30, har in ka tsaya a gabansa layi uku na ƙafafu za ka gani maimakon biyu. Ba ta da ban sha'awa a ido, amma da ita ake koya wa ƙafar baya ta ciki ɗaukar kaya.

A ƙaramar sukuwa doki yana jagora da ƙafa ɗaya, dama ko hagu. Canza jagorar a cikin iska, a ɗan shirun nan da na ambata, shi ne flying change. A Grand Prix ana yin tara a jere bayan kowane taku biyu, sannan goma sha biyar a kowane taku. Wannan ne ke kama da doki yana tsalle-tsallen murna. Ƙirga su da kanka, kuma ka duba gaba da baya sun canza tare, jikin bai riƙa wurgawa dama da hagu ba. Pirouette kuma, ana furta shi firuwet, juyawa ce a cikin sukuwar: ƙafafun baya suna zana ɗan da'ira da bai fi faifai girma ba sosai, gaba yana zagaye su, a taku shida zuwa takwas. Wanda ya kafe ƙafafun baya ya juya kamar an murɗa shi bai yi ba. Dole sukuwar ta ci gaba da rayuwa har ya fita.

Passage, a furta fasaj, sassarfa ce mai taƙama, taku gajere, ƙafa ta tashi sama ta ɗan dakata kafin ta sauka. Piaffe, a furta fiyaf, sassarfa ce a wuri ɗaya, taku 12 zuwa 15. Na san abin da zai zo maka a rai, don ni ma shi ya zo mini: rawar da dawakinmu ke yi ranar hawa in kalangu da algaita sun tashi. Akwai kama, kuma tushensu ɗaya, domin ingarma a sake ma yana yin irin wannan in ya hango goɗiya. Na taɓa ganin dokin wani hakimi da ya yi taku biyar ko shida da alƙalin Turai ba zai raina ba. Bambancin yana cikin abin da ke haifar da shi. Sau da yawa namu zumuɗi ne, ƙaimi na tura doki, linzami na tare shi, sai ƙarfin ya fita ta rawa, baya a ƙage. A fiyaf na gaskiya kuturi yana sauka, gaɓoɓin baya suna lanƙwashewa, ƙafafun suna sauka bibbiyu a gicciye daidai kamar bugun ganga, kuma in mahayi ya sassauta hannu dokin ba zai zabura ba. Shiga fiyaf daga fasaj da fita daga cikinsa ma makinsu daban, kuma a wurina nan ne ake gane horo, fiye da fiyaf ɗin kansa. Tsalle-tsallen da fararen dawakin makarantar hawa ta Biyana, a ƙasar Ostiriya, suke yi, irin tabarya da harbi a sama, wannan wani fanni ne, ba ya cikin gasa.

Kashi 90 da ka gani a zagayen kiɗa ne, wanda ake kira freestyle ko Kür, inda mahayi ke tsara motsinsa da kansa a kan kiɗan da ya zaɓa, a ba shi makin ƙwarewa da na fasaha. Shi ya sa makin ya fi na sauran zagaye yawa. An shigar da shi Olamfik a 1996. A Faris, Jessica von Bredow-Werndl ta Jamus ce ta ci zinare a kan goɗiyarta Dalera, kamar yadda suka ci a Tokyo. Totilas, wani akawal ɗan Holan, shi ya fara haura 90 a 2009 da mahayinsa Edward Gal. A Disambar 2014, a Landan, Valegro ya samu 94.3 da Charlotte Dujardin. Nemi hotunan dawakin nan biyu ka kalle su a jere. Totilas ya fi ɗaukar ido da ƙafafun gaba. Valegro ka dubi bayansa da kunnuwansa. Ni Valegro na fi so, kuma dalilina shi ne duk abin da na faɗa maka a sama.

Akwai abin da ba zan rufe maka ba, don yana damuna. Wasan yana da tabo. An daɗe ana rigima a kan wata hanyar horo da ake kira rollkur, inda ake naɗe wuyan doki har hancinsa ya kusa taɓa ƙirji. Hukumar wasannin dawaki ta duniya, FEI, ta haramta yin haka da ƙarfi a 2010, amma har yau ana ganin dawaki a manyan gasa hancinsu a bayan layi, baki a matse da maɗauri, kuma suna samun maki. Ita kanta Dujardin ta janye daga gasar Faris da wani bidiyo ya fito yana nuna ta tana bulale ƙafafun doki a wurin horo, aka dakatar da ita shekara guda. Akwai dokar da ta ce in aka ga jini a jikin doki a cikin fili, a fitar da shi, amma yawancin wahalar doki ba ta zubar da jini. Saboda haka kada ka miƙa idonka ga allon maki. Kai da ka san doki tun kana yaro, ka san fuskar dokin da ke cikin damuwa, kuma wannan sanin yana aiki a Faris kamar yadda yake aiki a Zariya. Ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima.

In za ka sake kallo, kashe sautin, ka bi gwaji ɗaya ƙafafun baya kaɗai kake kallo. Maimaita shi kana kallon baki da wutsiya. A karo na uku ka ba kowane motsi makinka kafin na alƙalai ya fito. Kuma kada ka rufe bidiyon da zarar an yi gaisuwar ƙarshe. Jira mahayin ya saki kamazuru ya nufi ƙofa. Wani dokin za ka ga ya ɗaga kai yana zazzare ido, yana ɗan rawa, an rasa yadda za a yi ya taka a hankali. Wani kuma zai miƙa wuya ƙasa, ya busar da numfashi ta hanci, ya fita da doguwar tafiya mai taku huɗu, kunnuwansa na kaiwa da komowa, jama'a dubbai na ihu a kansa.